Ƙasar da Ba Ta Komawa Ƙasa: Tsokaci a kan Bulon Ƙasa Mai Siminti

A 'yan shekarun nan wani ra'ayi ya samu gindin zama a sassan nazarin gine-gine da na injiniyanci a jami'o'inmu, har ya kai ba a cika tambayar hujjarsa ba. Ra'ayin shi ne, in ana son gini mai ɗorewa, wanda kayansa za su riƙa zagayawa maimakon su ƙare a juji, to a koma ga ƙasa, amma ƙasar da aka "inganta": a tankaɗe ta, a zuba mata siminti kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a matse ta a inji ta fito bulo sumul mai kusurwa. Ɗalibai suna ta rubuta kundaye a kan ƙarfin wannan bulo, masu shirya taruka suna nuna hotunansa a matsayin makomar ginin Afirka. A ganina kiran da ake yi na komawa ga ƙasa daidai ne. Sharaɗin da aka gindaya masa, wato simintin, shi ne yake warware abin da kiran ya ƙulla, kuma ba ƙaramar warwara ba.

Ba sai na tsaya a kan abin da kowa ya sani ba. Masana'antar siminti tana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma fiye da rabin wannan daga gasa dutsen kansa yake fitowa a tanderu mai zafin kusan digiri 1,450, ba daga makamashin da aka ƙona ba. Don haka ko an sauya man da ake hura tanderun Obajana ko Kalambaina ko Malbaza da shi, babban kason yana nan. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ƙiyasta yashi da tsakuwar da ake ɗiba a shekara da tan biliyan 50. Tunanin zagayawar kaya kuwa McDonough da Braungart (2002) sun shimfiɗa shi, Gidauniyar Ellen MacArthur ta yayata shi. Fasalin ginin Hausa ma an rubuta shi dalla-dalla (Saad 1981, Schwerdtfeger 1982, Moughtin 1985, Dmochowski 1990). Abin da ake taƙaddama a kai ya fi wannan ƙanƙanta: shin ƙasar da aka cakuɗa da siminti tana nan a matsayin kayan da ke zagayawa, ko ta fita daga sahun?

Ma'aunin zagayawa ɗaya ne, kuma ba a ranar buɗe gida ake ɗaukarsa ba, sai ranar da gidan ya gama aikinsa. A wannan rana, me bangon zai zama?

Bangon tubali amsarsa a fili take ga duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake rushe tsohon soro a cikin birni. Magini yakan fara da sama. A yaye ƙasar rufi, a zare azara ɗaya bayan ɗaya a jingine su gefe, domin azarar da ta yi shekaru a rufi ba ta lalace ba ta riga ta nuna ingancinta, ba wanda zai yar da ita. Sannan a sa diga a kwantar da bangon. Ƙasar da ta zube ba a kiran tifa ta kwashe ta. A nan inda take za a farfasa ta, a buɗe mata rami a tsakiya, a kwarara ruwa, a bar ta ta kwana tana sha. Washegari lebura ya shiga da ƙafa yana cuɗawa, ana barbaɗa ciyawa, a sake bari ta ruɓa na 'yan kwanaki, a sake cuɗawa. Daga nan sai cura sabon tubali, a jera a rana. Abin da aka ƙara bai wuce ruwa da ciyawa da gumi ba, abin da aka rasa kuwa ɗan abin da ruwan sama ya wanke ne a tsawon shekaru. Ɗakin kaka ya zama ɗakin amarya, da ƙasa ɗaya.

Dalilin haka a ilmance ba ɓoyayye ba ne. Abin da ke riƙe bangon ƙasa yumɓun da ke cikinta ne, kuma riƙonsa na ruwa ne: ƙwayoyinsa masu laushi suna manne wa juna ta hanyar siririn danshin da ke tsakaninsu. In ruwa ya yi yawa su saki, in ya bushe su sake kamawa, sau nawa aka so. Siminti ba haka yake ba. Da zarar ya sha ruwa ya daskare, ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, kuma jiƙawa ba ta mayar da shi baya. Shigarsa cikin ƙasa irin shigar gishiri ce a miya, ba a tsame shi. Bulon da aka yi da ƙasa da siminti, in aka rushe shi, ba ya narkewa ya koma kwaɓi, ba ya kuma komawa gona ya tsirar da wani abin kirki. Ko dai a niƙa shi a ƙara masa sabon siminti, ko a yi cike da shi. Wato makomarsa ita ce makomar baraguzan bulon yashi, wanda aka ce an zo a maye gurbinsa.

Cike kuwa ba zagayawa ba ne, ko da yake ana yawan lissafa shi a haka. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 da ta sa burin a ci moriyar kashi 70 cikin 100 na baraguzan gini kafin 2020 ta yarda a ƙirga har da cike rami, kuma yawancin kankaren da ake niƙawa a can a ƙarƙashin titi yake ƙarewa. Mu ma muna yin namu ba tare da doka ba: 'yan jari-bola su sare rodi su tafi da shi, baraguzan su tafi kududdufi ko ramin hanya. Kaya ne ke gangarowa daga daraja zuwa ƙasa da ita sau ɗaya, shi ke nan. Bango bai sake zama bango ba.

Wani abokin aikina injiniya, wanda ya daɗe yana gwajin bulon ƙasa mai siminti kuma ya fi ni sanin inji nesa ba kusa ba, shi ne ya fi kowa tsananta wa wannan matsayi nawa, don haka zan ba hujjojinsa fili yadda ya kamata. Da farko yakan ce, ko an yarda da batun ranar rushewa, ai bulonsa yana rage siminti tun ranar gini, wannan kaɗai ya isa riba.

Mu yi lissafi, da alƙaluman da kowa zai iya sauyawa ya gani. Bulon da aka fi bugawa a irin waɗannan injuna faɗinsa santimita 14 ne, kuma cikakke ne ba rami. In muka ɗauki nauyin matsattsiyar ƙasa a kan kilo 1,900 a kowace mita mai cubi, to murabba'in mita ɗaya na bango zai kai kilo 266. Siminti kashi 6 cikin 100 na wannan ya kama kilo 16, kashi 8 kuma kilo 21. A ɗaya gefen, bulon yashi mai inci 9 guda 10 ne ke rufe murabba'in mita. In buhu mai kilo 50 ya fitar da bulo 30, simintin da ke cikin goman bai kai kilo 17 ba, kuma duk wanda ya san gidajen buga bulo ya san da yawansu sun fi haka miƙa buhu. Ashe dai kunnen doki ne. In kuma aka kwantar da bulon ƙasar a faɗinsa don a samu kaurin da zai ɗauki bene ko ya tare zafi, simintinsa ya ninka, ya wuce na bulon yashi. Kason siminti a ƙasar kaɗan ne, amma ƙasar tana da yawa, kuma ba a cika faɗin wannan a taruka ba.

Injiniya yakan amsa da cewa na manta da filasta: bulon yashi sai an shafe shi ciki da waje, nasa kuwa ana barinsa tsirara don kyansa, kuma bai buƙatar yashin da tifofi ke kwasowa daga Challawa. Wannan gaskiya ce, kuma ta mayar masa da rinjaye. Sai dai rinjayen na 'yan kiloli ne, ba irin tazarar da za a kira sauyin tafarki ba, kuma yana tsayawa ne kawai in mai gida ya haƙura bai yi filastar ba. Van Damme da Houben (2018), waɗanda ba za a zarge su da ƙin ƙasa ba tunda Houben na cikin waɗanda suka kafa cibiyar CRAterre a Grenoble a 1979, sun kai ga matsaya makusanciya: ƙarfin da siminti ke ƙara wa ƙasa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da wannan simintin zai bayar a kankare, wato ana kashe siminti ne a inda ba ya biyan kuɗinsa. Ban ga an amsa wannan yadda ya gamsar ba, a nan gida ko a waje.

Amma ba a nan ƙarfin Injiniya yake ba. Hujjarsa mai nauyi ruwa ce. Yakan ce, Malam, kai kana maganar ranar da gida zai mutu, ni ina maganar daren da zai kashe masu shi. Kowace damina sai an ji gidajen ƙasa sun rufta a Jigawa da Kano da Maraɗi da Damagaram. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta wa masallata, aka rasa rayuka. A farkon Satumbar 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube bayan mamakon ruwa. In gwanayen ƙarni na 19 ba su tsira ba, ina ga maginin ƙauye? Kuma ruwan yanzu ba irin na da ba ne, yakan zo a dunƙule. Siminti kashi 6 shi ne bambanci tsakanin bangon da zai jiƙe ya tsaya da wanda zai jiƙe ya narke. Wane ne zai ce wa talaka ya kwana a ƙarƙashin bango mai narkewa don ƙasar ta samu komawa ƙasa bayan shekara 60?

Ba hujja ce da za a kau da kai daga gare ta ba, kuma duk mai kare ginin ƙasa da ya amsa ta da hotunan zanko da zanen bango bai amsa komai ba. Gaskiyar farko da dole a karɓa ita ce, siffar da ta sa ƙasa ke zagayawa ita ce ta sa take tsoron ruwa. Abu ɗaya ne, ba a raba su. Tambayar ita ce ta ina ruwan ke cin bango.

Bangon ƙasa ba kasafai yake faɗuwa don ruwan da ya doke shi a fuska ba. Wannan yana zaizaye shi ne a hankali, ana gani, ana yaɓewa. Abin da ke kayar da shi wuri biyu ne: kai da gindi. Ta kai, in rufi ya tsage ko indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya riƙa bin cikin bangon. Ta gindi, in ruwa ya kwanta a jikinsa, danshi ya hau, gishirin ƙasa ya cinye shi daga ƙasa har ya zama kai ya fi ƙafa kauri. Mai yawo a lungunan tsofaffin biranenmu zai ga yadda muka tsananta wannan na biyun da hannunmu. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, alhali ramukan da aka haƙi ƙasar ginin birnin su ne kuma matattarar ruwansa. An ɗaga tituna da kwalta da kwalbati har dandamalin zaure ya koma ƙasa da hanya. Magudanai sun cika da leda. Gidan da aka gina don ruwa ya wuce ta gabansa yanzu ruwa a cikinsa yake kwana.

Sai kuma abin da ya fi ba ni takaici, domin da niyyar gyara ake yin sa: shafa filastar siminti a kan bangon ƙasa. Shekara biyu ko uku gidan ya yi fes. Daga nan filastar ta fara tsagewa, domin ƙasa tana kumbura tana motsewa, siminti ba ya bin ta. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. In ka ƙwanƙwasa za ka ji holoƙo a ciki. Wata rana falle guda ya ɓalle ya faɗo, ya tafi da naman bangon, a bayansa kuwa ƙasa ce jiƙaƙƙiya da hanyoyin gara. Mai gida bai ga komai ba sai a ranar, domin abin da zai nuna masa ciwon shi aka rufe. Yawancin gidajen da ake ƙirgawa a matsayin shaidar gazawar ƙasa, in an duba da kyau, ina kyautata zaton za a samu kaso mai tsoka daga cikinsu irin waɗannan ne. Ban ce duka ba, kuma ba na ɗora wannan bayani a kan masallatan nan biyu; abin da kawai za a iya cewa game da su shi ne sun haura shekara 150 a tsaye kafin ranar. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi a watan Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, ba wanda ya ce a daina gini da kankare. Tsari da sa ido aka tuhuma. Ƙasa kaɗai ce in ta faɗi ake tuhumar jinsinta.

In haka ne, inda siminti zai yi amfani a bayyane yake: harsashi da dandamalin da zai ɗaga bango sama da inda ruwa ke kwanciya, da ɗaurin saman bango, da kan ƙofa da taga. Can ne ruwa da nauyi suke taruwa, kuma waɗannan sassa ana iya raba su da ƙasar ranar rushewa. Barbaɗa shi cikin kowane bulo daga ƙasa har sama, har da bangon cikin ɗaki da ruwa bai taɓa gani ba, kashe kuɗi ne a kan matsalar da ba ta nan. Makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya kammala a 2001, Injiniya yakan kawo ta a matsayin shaida tunda bulonta na da ɗan siminti. Ni kuma abin da nake gani a hotonta shi ne faffaɗan rufin kwanon da ya zarce bangon ta kowane gefe, da dandamalin da ginin ke zaune a kai. A Ostiriya, inda ruwa da ƙanƙara suka fi namu, Martin Rauch ya gina gidansa na Schlins a 2008 da dandaƙaƙƙiyar ƙasa ba siminti a jikinta, sai layukan gasasshen bulo da ya jera a tsakani don su karya gudun ruwan da ke gangarowa.

Nan Injiniya yakan juyo da makamina a kaina. Ai magabatan naka ma, in ji shi, ba su bar ƙasa tsurarta ba. Makuba fa? Laso fa? Gaskiya ne. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Laso kuwa katsi ne, wato abin da ke kwanciya a ƙasan ramukan marina, a kwashe a busar a ƙona a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara mai yauƙi. Sharar marini da sharar majemi ita ce kayan aikin magini, a birni ɗaya, tafiyar jaki. Masu rubutu a kan haɗin gwiwar masana'antu wajen cin moriyar sharar juna sukan tafi har Kalundborg ta Denmak neman misali, ga shi a Ƙofar Mata. Amma a lura da inda ake sa waɗannan abubuwa: a fata, a kan rufi da fuskar bango, siriri. Jikin bangon ƙasa ce da ciyawa. Ka'idar magina ke nan, a tsare waje a bar ciki, kuma ita ce bulon siminti ya juya.

Hujjarsa da na fi jin nauyinta ba ta kimiyya ba ce. Yakan ce ginin da nake yabo bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba, jama'a ce ke riƙe da shi. Kafin damina a hau soro a duba tsaga, a gyara indararo, a yi yaɓe. Akwai Sarkin Magina da yaransa, akwai gayya, akwai kududdufi a bayan gida. Yau mai gida yana kasuwa ko ofis, 'ya'yansa suna makaranta, ƙasar sai an saya a tifa daga bayan gari, ɗan haya kuwa ba zai yi wa gidan wani yaɓe ba. Bikin yaɓen masallacin Djenne da ake nunawa duk shekara na gari ne guda a kan gini guda. Mutanen da suka bar ƙasa suka koma bulo ba wawaye ba ne, lissafin lokacinsu suka yi. Kuma gidan da zai shekara 80 ba a taɓa shi ba, ai shi ma ɗorewa ce.

Rabin wannan na karɓa ba gardama. Zagayawar ƙasa aiki ce, kuma aikin yana da tsada a birni. Duk wanda zai ba da shawarar ginin ƙasa bai faɗi wanda zai kula da shi ba, da kuɗin wa, bai gama shawararsa ba. Rufi mai baki da dandamali mai tsayi suna rage yaɓen sosai, ba sa kawar da shi. Inda na rabu da shi shi ne shekara 80 ɗin. Gidajenmu ba tsufa ke kashe yawancinsu ba. Rabon gado ne, da faɗaɗa titi, da sayarwa ga wanda zai rushe ya yi shaguna, da aure da ke neman a fasa nan a ƙara can. Abin da Schwerdtfeger ya nuna a Zariya shi ne gidan Bahaushe yana girma yana motsewa tare da iyalin da ke cikinsa, ɗaki ya tashi, ɗaki ya kwanta. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba don kayan gini sun sauya. Abin da ya sauya shi ne yanzu kowane gyara yana haifar da tifar baraguzai da sabon buhunan siminti. A al'ummar da ke taɓa gidanta kowane ƙarni na iyali, ranar rushewa ba ta da nisan da Injiniya yake zato.

Duk da haka dole in taƙaita da'awata zuwa inda hujja ta tsaya. Ba na cewa a gina benaye masu hawa da yawa da tubali. Masu son ƙasa sukan kawo dogayen gidajen Shibam na Yaman, ko hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, amma waɗannan garuruwan hamada ne, ba su zama hujja ga Kaduna ko Bauci ba. Ba na kuma cewa a yi ginin ƙasa tsura a fadama, ko a kwarin Haɗeja, ko a unguwannin Yamai da kogi ke shiga. Inda ruwa zai tsaya kwanaki a jikin bango, Injiniya ne da gaskiya, ko da yake mafi gaskiya shi ne kada a yi gini a wurin. Abin da nake karewa shi ne gida mai hawa ɗaya ko biyu, da aji, da ɗakin shan magani, da katanga, a kan tudu, a yankin da rani ya fi damina tsawo. Wannan kuwa ba ƙaramin kaso ba ne na abin da ake ginawa daga Sakkwato zuwa Damagaram. Kuma ba injin nake ƙi ba. Matsa ƙasa, tun daga ƙaramin injin hannu na Cinva-Ram da aka ƙera a Kolombiya a shekarun 1950, yana ba da bulo madaidaici mai ƙarfi ko ba siminti. Injin da simintin abubuwa biyu ne da aka saba sayar mana a ƙunshi ɗaya.

Akwai kuma gurbin da ginin gargajiya kansa ya gaza, wanda masu yabonsa ba sa son ambata: rufi. Azara daga giginya take, giginya kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma an sare ta fiye da yadda aka dasa. Sake amfani da tsohuwar azara yana toshe wani gurbi, ba zai wadaci garuruwan da ke ninkawa ba. Bakan gizo da ɗaurin guga, duk ƙwarewar da ke cikinsu, azara ce ƙashinsu. A nan Nijar ta riga mu gwaji. Tun farkon shekarun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina rufin ƙubba da na baka da tubalin ƙasa zalla ba itace, dabarar da ke da tushe a ginin Nubiya wanda Hassan Fathy ya farfaɗo da shi a Masar. Wata ƙungiyar da aka kafa a Boromo ta Burkina Faso a 2000 ta ɗauki irin wannan aiki ta yaɗa shi a ƙasashen Sahel da dama. Rufin nan ma yana son kulawa, kuma in an yi sakaci da kaurin bangon da ke tare turinsa yana da haɗari. Amma ya nuna cewa magini na iya koyon sabon abu ba tare da an sauya masa ƙasar ba, kamar yadda Falke Barmu ya yi ta ƙari da gyara a masallacin Yaama tun daga 1962 har aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuwa, aikin Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili da aka kammala a 2018 an fi yabonsa don sabon masallacin matsattsen bulo. Ni abin da na fi ɗauka a ciki shi ne tsohon masallacin ƙasa da aka yi niyyar rushewa aka bar shi a tsaye, aka gyara, ya zama ɗakin karatu.

Me ya sa, to, binciken namu ya karkata gaba ɗaya wajen siminti? Ina jin amsar tana ɗakin gwaji. Ma'aunin da muka gada na bulon yashi da kankare ne: a nutsar da bulo a ruwa, a ciro, a danne shi a ga nauyin da zai ɗauka. Tubali ba zai taɓa cin wannan jarrabawa ba, tunda kafin a ciro shi ya zama kwaɓi. Ɗalibin da ke son sakamakon da zai rubuta dole ya zuba siminti, ko toka da siminti, ko ɓuntun shinkafa da siminti. Ma'aunin ne ya zaɓi amsar tun kafin a fara. Jamus, wadda ba ta rasa siminti ba, ta fitar da ma'aunin bulon ƙasa na kansa a 2013, DIN 18945, wanda ya keɓanta ga ƙasar da yumɓu kaɗai ke riƙe da ita, ya kuma rarraba bulon gwargwadon inda za a sa shi: na wajen da ruwa ke duka, na wajen da aka kare, na cikin ɗaki, kowanne da gwajinsa. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Nijeriya, wadda ke aiki tun 1978 kuma ta daɗe tana ƙera injunan matsa bulo, tana da kayan aikin da za ta yi irin wannan rarrabawa ga jar ƙasar Kano da ta Katsina da ta Sakkwato. Sai a ƙara gwaji ɗaya da ba ya cikin takardunmu yanzu: a farfasa bulon bayan ya bushe, a jiƙa, a sake bugawa ba tare da ƙara komai ba, a auna ƙarfin na biyun a kan na farkon. Bulon da ya faɗi wannan gwaji yana iya zama mai ƙarfi, mai araha, mai kyan gani, a kuma yi gini da shi inda ya dace, amma a cire shi daga jerin kayan da ake cewa suna zagayawa.